Me Ostireliya Ke Nema a Allon Silimar Indiya?

Ranar 20 ga Nuwamban 2024 aka buɗe bikin finafinan duniya na Indiya karo na 55 a jihar Goa, can bakin tekun yammacin ƙasar. Bikin ya girme wa yawancin masu halartarsa, domin tun 1952 ake yin sa, kuma tun 2004 ya samu mazaunin dindindin a birnin Panaji, gefen kogin Mandovi. Al'adar bikin ce a ɗauki ƙasa guda a ba ta kujerar babbar baƙuwa, a keɓe wa finafinanta sashe na musamman, a gayyato daraktocinta da furodusoshinta su zo a gana. A 2024 Ostireliya ce ta hau kujerar. Fim ɗin da aka buɗe bikin da shi, Better Man na Michael Gracey, nata ne. Lambar girmamawa ta Satyajit Ray, wadda ake bai wa wanda ya ƙarar da rayuwarsa a wannan sana'a, ɗanta Phillip Noyce aka miƙa wa.

Wanda ya ga hotunan jan kafet zai ce ai shi ke nan, an yi biki an watse. Amma akwai tambayar da ta cancanci a zauna a kanta: me ya kai ƙasa mai mutum wajen miliyan 27 tallan finafinanta a ƙasar da ta haura mutum biliyan 1.4, wadda kuma ke fitar da finafinai sama da 1,500 duk shekara cikin harsuna fiye da 20? Wannan ai kai wa mai rijiya tallan ruwa ne. Sai dai in an bi diddigin lamarin za a ga ba ruwan kaɗai aka je sayarwa ba.

A fara da halin da silimar Ostireliya ke ciki a gidanta. Ƙasar ba baƙuwa ba ce a harkar. The Story of the Kelly Gang, wanda aka fara haskawa a Melbon a 1906, shi masana da dama ke ɗauka a matsayin dogon fim na farko a duniya, shekara bakwai kafin Dadasaheb Phalke ya fitar da Raja Harishchandra a Bombay (Mumbai ta yau). Daga baya masana'antar ta yi dogon suma, finafinan Amurka da na Ingila suka mamaye gidajen silima, sai a shekarun 1970 gwamnati ta zuba kuɗi aka farfaɗo. A lokacin ne Peter Weir ya yi Picnic at Hanging Rock a 1975, George Miller ya yi Mad Max a 1979, sannan Crocodile Dundee ya zo a 1986 ya zagaye duniya. Duk da wannan tarihi, a yawancin shekaru kason finafinan gida a kuɗin tikitin da ake sayarwa cikin Ostireliya ba ya kai kashi 10 cikin 100. Dalilin a fili yake. Turanci suke yi, Amurka ma Turanci take yi, don haka babu katangar harshe da za ta kare musu kasuwa kamar yadda Hindi da Tamil da Telugu suka kare ta Indiya. Da zarar ɗan wasa ko darakta ya yi fice, sai Hollywood ta yafuto shi. Nicole Kidman, Cate Blanchett, Hugh Jackman, Chris Hemsworth, Margot Robbie, duk 'ya'yan ƙasar ne, amma mai kallo a Delhi ko a Kano Amurkawa yake ɗaukar su. Kenan mai shirya fim a Sidni ba zai iya mayar da uwar kuɗinsa daga kasuwar gida kaɗai ba, dole ya leƙa waje. Kuma idan ana maganar yawan masu kallo, ina za a leƙa da ya wuce Indiya?

To amma ƙofar Indiya ba ta buɗuwa da sauƙi. Ita ce ɗaya daga cikin ƙasashe ƙalilan da Hollywood da duk ƙarfinta ba ta iya ƙwace kasuwarsu ba. Kaso mafi tsoka na kuɗin tikiti finafinan gida ke kwashewa, kuma allunan silima a ƙasar ba su wuce wajen 10,000 ba, abin da ya yi kaɗan ƙwarai ga yawan jama'arta. Kowace Juma'a finafinan Mumbai da Hyderabad da Chennai da Kochi na kokawar samun allo. Mai gidan silima da ke da zaɓi tsakanin sabon fim ɗin Shah Rukh Khan da wani labarin manomi a ƙungurmin dajin Ostireliya ba ya buƙatar dogon tunani. Ko da ya yarda, sai fim ɗin ya bi ta hukumar tace finafinai ta ƙasa, a yanke abin da za a yanke, a liƙa gargaɗin shan taba duk inda aka kunna sigari, sannan a nemo inda za a tsaga shi biyu saboda hutun rabin lokaci, wanda masu kallon Indiya suka saba da shi har a finafinan da ba a gina su da shi ba. Ga kuma kuɗin talla, wanda kan iya fin abin da fim ɗin zai samo.

Nan ne amfanin biki yake. A biki ba a gasa da jarumin da magoya baya ke wanke hotonsa da madara. Zauren na baƙo ne, masu kallon kuma sun yi rajista ne domin su ga abin da ba sa samu a unguwarsu: ɗaliban makarantun fim, 'yan jarida, marubuta, dillalai. A gefen bikin Goa kuma akwai kasuwar finafinai ta Film Bazaar, wadda hukumar bunƙasa finafinai ta Indiya ke gudanarwa tun 2007. A ganina a can ne ainihin cinikin ke faruwa. Furodusa ya zo da labarinsa a rubuce da lissafin abin da zai ci, ya zauna da mai kuɗi a teburi guda, a sha shayi, a yi musayar lambobi. Haske na kan jan kafet, amma hannu a wannan ɗakin ake musafaha.

Abin da ya sa zuwan 2024 ya bambanta da na baya shi ne wata takarda. A watan Maris na 2023, lokacin da Firaministan Ostireliya Anthony Albanese ya ziyarci takwaransa na Indiya Narendra Modi, ƙasashen biyu suka rattaba hannu kan yarjejeniyar shirya finafinai na haɗin gwiwa, ta kuma fara aiki kafin shekarar ta ƙare. Ma'anarta a sauƙaƙe ita ce, fim ɗin da furodusan Indiya da na Ostireliya suka haɗa kuɗi da ma'aikata suka yi, idan hukumomin ɓangarorin biyu suka amince da shi, zai zama ɗan ƙasa a nan, ɗan ƙasa a can. Wannan ba kwalliya ba ce, kuɗi ne. Ostireliya na mayar wa furodusa kashi 40 cikin 100 na abin da ya kashe a cikin ƙasar a kan dogon fim na silima, ta hanyar rangwamen haraji, matuƙar fim ɗin ya cika sharaɗin zama na Ostireliya. Fim ɗin haɗin gwiwa da aka amince da shi yana tsallake wannan sharaɗi kai tsaye. A ɗauka an kashe dalar Ostireliya miliyan 10 a ayyukan da doka ta lissafa, to miliyan 4 za su dawo. Ita ma Indiya, a bikin Goa na 2023, ta ɗaga nata tallafin ga finafinan waje da ake ɗauka a ƙasarta zuwa kashi 40 cikin 100, da iyakar rupi miliyan 300. Furodusa mai wayo zai iya cin tudu biyu, ya ɗauki rabin labarinsa a Melbon, rabi a Punjab, ya karɓi tallafi a kowane gefe. Hukumar Screen Australia, wadda aka kafa a 2008, ita ke tantance irin waɗannan finafinai a nata ɓangaren.

Yarjejeniyar ma ba daga sama ta faɗo ba. Kafin ita an yi ta kasuwanci, wadda aka sa wa hannu a Afrilun 2022 ta fara aiki a ƙarshen Disamban shekarar. Ostireliya ta ji jiki a 2020 lokacin da Chaina ta ƙaƙaba wa sha'irinta da giyarta haraji mai nauyi, ta kuma daina karɓar kwal ɗinta, sai ta gane haɗarin dogaro da mai saye guda. Indiya ce babbar kasuwa ta gaba. Sannan ga jama'a: ƙidayar 2021 ta nuna sama da mutum 670,000 da ke zaune a Ostireliya a Indiya aka haife su, suka zama na biyu bayan haifaffun Ingila, harshen Punjabi kuma na cikin waɗanda suka fi saurin yaɗuwa a ƙasar. Ɗalibai 'yan Indiya na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin jami'o'inta. Gwamnatin da ke son waɗannan ɗalibai da 'yan yawon buɗe ido su ci gaba da zuwa tana son a san ta da wani abu ban da kurket da dabbar kangaru. Kuma tana da tabon da take son gogewa. A 2009 an yi ta kai wa ɗalibai 'yan Indiya hare-hare a Melbon da Sidni, kafafen yaɗa labaran Indiya suka ɗauki zafi, har Amitabh Bachchan ya ƙi karɓar digirin girmamawa da wata jami'ar Queensland ta ba shi. Sai a 2011 ya karɓa, shekarar da aka soma ɗaukar The Great Gatsby na Baz Luhrmann a Sidni, inda shi ma ya fito. Ba na ganin aibu a ce gwamnati na amfani da fim wajen gyara sunanta. Abin da ya kamata dai shi ne mai karatu ya san cewa bikin nan yana da ƙafa ɗaya a fasaha, ɗaya a diflomasiyya.

Wani abin lura shi ne hanyar ta daɗe tana tafiya gefe guda. Indiyawa sun san titunan Ostireliya ta finafinansu na gida. An ɗauki wani sashe na Dil Chahta Hai na 2001 a Sidni, Salaam Namaste na 2005 a Melbon aka gina labarinsa, gasar hoki ta Chak De! India a 2007 a can aka yi ta, Singh Is Kinng kuma ya je Gold Coast a 2008. Bikin finafinan Indiya na Melbon, wanda Mitu Bhowmick Lange ta kafa a 2010, ya girma har gwamnatin jihar Victoria na tallafa masa, manyan jaruman Mumbai na zuwa duk shekara. Finafinan Hindi da Punjabi da Telugu kan shiga jerin waɗanda suka fi ciniki a mako a gidajen silimar Ostireliya. Wato ƙasar ta zama wurin ɗaukar hoto da kasuwa ga Indiya, amma labarinta na kanta bai ƙetara ba. Mutumin Indiya ya ga gadar Sidni sau ɗari a bayan masu rawa, bai taɓa jin abin da ke damun wanda ke zaune a ƙarƙashinta ba.

Su kansu 'yan Ostireliyan da suka shiga zuciyar Indiya, ta ƙofar finafinan Indiya suka shiga. A 1908 aka haifi Mary Ann Evans a Perth, aka kawo ta Indiya tana ƙarama, ta koyi hawan doki da wasan tsalle-tsalle, sai ga ta a 1935 cikin Hunterwali, fuska a rufe, bulala a hannu, tana dirowa daga gini tana jibgar maza. Sunan Fearless Nadia ya bi ta har ta rasu a Mumbai a 1996. Na biyun kuwa duk Bahaushen da ya yi zamanin silimar Indiya ya san fuskarsa ko da bai san sunansa ba: ƙaton Baturen nan mai sanƙo da ke tsayawa bayan bos, wanda jarumi ke lakaɗa wa duka gab da ƙarshen fim. Bob Christo ke nan, injiniya haifaffen Sidni, wanda ya fara da Abdullah a 1980 ya kuma fito a Disco Dancer da Mard da Mr. India. Mun yi ta kallonsa muna cewa Baturen Ingila ne, ashe daga can ƙasan duniya ya fito.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna game da zaɓen finafinan da ake kaiwa. Better Man aikin 'yan Ostireliya ne, a Melbon aka ɗauki mafi yawansa, kuma akwai gwaninta a cikinsa. Amma labarin mawaƙin Ingila Robbie Williams ne, wanda aka nuna shi cikin siffar biri daga farko har ƙarshe. Mai kallo a Goa zai fita yana yaba ƙwarewar masu haɗa hoto da kwamfuta, wanda wataƙila shi ne saƙon da ake son isarwa ga furodusoshin Mumbai: ku zo, muna da ma'aikata da kayan aiki. Sai dai bai ƙaru da komai game da Ostireliya ba. Fim ɗin ma da ya shiga kasuwar duniya bai mayar da kuɗinsa ba.

Karrama Phillip Noyce ya fi kusa da abin da nake nufi. Duniya ta san shi da finafinan Amurka irin su Patriot Games da Salt, amma aikinsa da ya fi nauyi shi ne Rabbit-Proof Fence na 2002. Labarin gaskiya ne na 1931. Gwamnati a wancan zamani tana ƙwace 'ya'yan 'yan asalin ƙasar, musamman waɗanda ubanninsu Turawa ne, ta kai su sansanoni domin a raba su da harshensu da danginsu. Aka ɗauke 'yan mata uku, Molly da Daisy da Gracie, daga Jigalong aka kai su sansanin Moore River kusa da Perth. Suka gudu. Babbarsu ta tuna cewa shingen wayar da aka kafa don tare zomaye ya ratsa ta garinsu, sai suka nemo shi suka bi shi a ƙafa, tafiyar sama da kilomita 1,500 cikin makonni tara, 'yan sanda da mai bin sawu na biye da su. Biyu suka isa gida, aka sake kama ɗaya. Akwai wurin da aka cusa yaran a mota, uwa na bin motar da gudu tana dukan gilashi, kakarsu kuma ta durƙushe ta ɗauki dutse tana buga wa kanta. Babu uwar da za ta ga wannan a Bihar ko a Kerala ta nemi a fassara mata. Indiya, ƙasar da ta yi zaman mulkin mallakar Ingila, wadda rabuwarta da Pakistan a 1947 ta wargaza mata miliyoyin iyalai, wadda kuma rabin finafinanta na da labarin ɗan da ya ɓace wa uwarsa ne, ta riga ta san wannan ciwo. Sai a Fabrairun 2008 Firaminista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya nemi gafarar waɗanda aka yi wa haka.

Irin waɗannan finafinai Ostireliya na da su. Ten Canoes na 2006 an yi shi ne cikin harsunan mutanen Yolngu na arewacin ƙasar. Samson and Delilah na Warwick Thornton, shi kansa ɗan asalin ƙasar, ya ci kyautar fim ɗin farko mafi kyau a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa a 2009. Su ne abin da babu wata ƙasa da za ta iya kawowa Goa sai ita.

Hujja mafi ƙarfi kuwa ita ce Lion na Garth Davis, 2016. Saroo yaro ne ɗan shekara 5 daga Khandwa a jihar Madhya Pradesh. Barci ya kwashe shi a cikin jirgin ƙasa da babu kowa, ya farka jirgin na tafiya, bai sauka ba sai Kolkata, inda ba ya jin Bengali, bai kuma iya faɗin sunan garinsu daidai ba. Wasu ma'aurata daga tsibirin Tasmania na Ostireliya suka ɗauke shi riƙo. Bayan shekara 25 ya yi ta bin layukan dogo a Google Earth har ya gane tankin ruwan wata tasha, ya koma ya tarar da mahaifiyarsa da rai. Kusan rabin farko na fim ɗin da Hindi da Bengali aka yi shi, a kan kafaɗar ƙaramin yaro Sunny Pawar, kafin Dev Patel da Nicole Kidman su karɓa. Ya shiga takarar Oscar a rukuni shida, ya samo wajen dalar Amurka miliyan 140 a duniya. An yi shi tun kafin yarjejeniyar 2023, ba tare da gatan da ta kawo ba. Abin da ya ɗaga shi shi ne labarin na ƙasashen biyu ne da gaske, ba an ɗinka shi don a cika sharaɗin tallafi ba. Wannan ne tsorona da finafinan haɗin gwiwa: idan lissafin haraji ya riga labari zuwa, sai a samu fim mai jarumi daga nan, jaruma daga can, waƙa a bakin teku, amma ba na kowa ba.

Sai maganar harshe, wadda ake yawan tsallakewa saboda an ɗauka ai duk Turanci ne. Turancin Ostireliya na da nasa karin da nasa kalmomi, har ta kai lokacin da aka kai Mad Max na farko Amurka sai da aka sake ɗora masa muryoyin Amurkawa. Idan Ba'amurke ya sha wuya, ina ga mai kallo a Lucknow? Mafi yawan Indiyawa ma ba da Turanci suke kallon fim ba. Manyan finafinan Hollywood da ke ciniki a can sai an juya su zuwa Hindi da Tamil da Telugu. Mu nan shaida ne a kan wannan. Finafinan Indiya sun kafu a ƙasar Hausa ba tare da wani biki ko jakada ba, masu gidajen silima ne suka yi ta kawo su mako bayan mako, labaransu na auren dole da biyayyar iyaye da kunya suka dace da namu, daga baya fassarar Hausa ta kai su har ɗakin tsohuwar da ba ta taɓa taka silima ba. Biki na kwana tara, a gari guda, ga mutanen da suka yi rajista, ba zai yi wannan aikin ba. Zai iya dai haɗa mai fim da dillalin da zai saya, ya juya harshen, ya ɗora a manhajojin kallo na waya, inda yanzu miliyoyin Indiyawa ke kallo.

Akwai alamun cewa ƙofar ba a kulle take ba. Shirin girke-girke na MasterChef Australia ya yi farin jini a biranen Indiya shekara da shekaru, alƙalansa har ziyara suke kaiwa ana cika musu zaure. 'Yan kurket ɗin ƙasar kuwa kamar 'yan gida ne, shi ya sa Anupam Sharma, ɗan Indiya mai shirya finafinai a Sidni, ya ɗauko tsohon ɗan wasa Brett Lee ya ba shi jarumin UnIndian a 2015. Ana tsakiyar bikin Goa, ranar 22 ga Nuwamban 2024, ƙasashen biyu suka fara karawar kurket a Perth, Indiya ta yi nasara, kuma ba sai an faɗa ba, masu kallon wasan sun ninka masu kallon finafinan nesa ba kusa ba. A ɓangaren fim, My Melbourne, wanda daraktocin Indiya Kabir Khan da Imtiaz Ali da Onir da Rima Das suka yi tare da matasan masu shirya fim na Melbon, gajerun labarai huɗu kan rayuwar baƙi a birnin, ya buɗe bikin Melbon a Agustan 2024, sannan ya shiga gidajen silimar Indiya a Maris na 2025, inda kowa zai iya sayen tikiti ya shiga ba sai da katin biki a wuya ba.